Wata goma ina rufa da bargon siliki

Zufa ce ta kai ni ga sayen bargon nan. Da na polista, wato zaren roba, nake rufa, tsakar dare in farka jiƙe sharkaf in yaye shi, gab da asuba kuma sanyi ya tashe ni ina laluben sa. Wanda na saya ɗin cikinsa zaren siliki ne zalla, irin na tsutsar da ake kiwo da ganyen mulberi, an shimfiɗa shi hawa-hawa aka rufe da yadin auduga.

Da na ɗaga shi ranar farko raina ya ɓaci, don shafal yake, na ce wannan ba zai tare sanyi ba. Ashe zai tare. Siliki ba ya saurin barin zafi ya ratsa shi, zarensa kuma siriri ne ƙwarai, iska tana maƙalewa a tsakankaninsa ta riƙe ɗumin jiki. To, wannan kowane bargo mai kyau yana yi. Inda ya sha bamban shi ne ɗumin ya taru ya tsaya, bai ci gaba da hawa har in fara neman iska ba. Dalili kuwa, zaren siliki furotin ne kamar gashi, yana iya shanye laima kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba ka ji alamar jiƙa ba, sannan ya sake ta a hankali. Polista ko kashi 1 ba ya sha, shi ya sa zufar take zama a fatarka. Tun satin farko na daina farkawar tsakar daren nan, kuma wannan kaɗai ya biya ni.

Ƙorafina ɗaya ne. A jikin kwalin an rubuta wai yana sanyaya jiki lokacin zafi. Ba haka ba ne, kuma bai kamata a faɗa wa mai saye haka ba. Abin da ke hana ɗumi fita ba zai koma mai sanyaya ka ba. Daren da zafi ya tsananta, naɗe shi nake in ajiye.

Na so in tabbatar ba jabu aka ba ni ba, sai na zaro ɗan zare ta zif ɗin gefe na sa masa ashana. Ƙaurin gashi ya tashi, wutar ta mutu da na janye ashanar, abin da ya rage kuma baƙar toka ce da ta murmushe a yatsa. Da roba ce, da narkewa za ta yi ta dunƙule.

Sai dai duk ƙwarewarsa wajen riƙe ɗumi, shi kansa ba ya jure zafi. Rigar filon silikin da ta zo tare da shi, guga ɗaya na yi mata dutsen ya yi zafi da yawa, ta yi tabo rawaya da bai fita ba har yau, kuma abin ya yi mini ciwo. Kada zafin dutsen guga ya wuce digiri 150 a ma'aunin Celsius, ruwan wanki kuma kada ya wuce 30. Rana ma tana cin zaren, don haka shi bargon ban taɓa wanke shi ba, riga nake sa masa, duk bayan sati biyu in shanya shi a inuwa ya sha iska.