Takunkumin kwando na roba: abin da yake yi wa kare mai tsoro, da abin da yake jawo wa mai shi a titin Katsina

Wanda ya fita neman takunkumin kare, ko a shagon magungunan dabbobi, ko ta intanet, ko ya ba da saƙo Kano, iri uku za a nuna masa: na yadin nailan wanda ake zura bakin kare a ciki, na kwandon roba, da na kwandon waya. Na yadin ya fi araha, shi ya sa ya fi yawa a hannun mutane. Mu na kwandon roba muke cewa a saya, saboda zafin garin nan.

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi: ya buɗe baki, ya zaro harshe, iska ta riƙa busar da danshi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa. A watan Afrilu da Mayu ranar Katsina kan kai digiri 40 har ta wuce. Takunkumin yadi kuwa aikinsa ya rufe baki ruf. Kare mai tsoro dama hakinsa ya fi na sauran, to in an ɗaure masa baki aka ja shi a rana, kafin a kai asibitin dabbobi yana iya faɗuwa. In ya yi amai a ciki ba ta inda aman zai fita, sai ya shaƙe shi. Kuma duk da haka gabansa a buɗe yake, kare na iya tsunkule mutum da haƙoran gaba. Wurinsa ɗaya ne: teburin likita, na 'yan mintoci, lokacin allura ko wankin ciwo, da mutum tsaye a kai.

Na kwando ya bar wa baki fili. Kare na haki a cikinsa, yana shan ruwa in kwanon mai zurfi ne, ana miƙa masa abinci ta ramukan. Amma sai an auna daidai. Kada a bi nauyin kilo ko sunayen jinsi da aka rubuta a leda, don da karnukan waje aka tsara su. A ɗauki tef ɗin tela a auna tsawo daga santimita ɗaya ƙasa da ido zuwa kan hanci, a nemi kwandon da ya fi wannan da kamar santimita ɗaya, don kada hanci ya riƙa gogar gaba. Kewayen baki kuma a auna shi baki a buɗe, misali kare na riƙe da ƙwallo. Wanda ya auna baki a rufe ya sayi takunkumin yadi ne da kuɗin na kwando. Maɗaurin bayan kunne ya zama yatsa ɗaya na shiga ƙarƙashinsa, ba biyu ba, kuma a zura abin wuyan kare cikin madaukin da ke ƙasan kwandon, in ba haka ba da ƙafa ɗaya zai fisge shi.

Babban aibin na roba a nan shi ne siffarsa. Yawancinsu gajeru ne masu faɗi, karen gida kuwa, musamman na farauta, bakinsa dogo ne siriri. Wanda ya yi daidai a tsawo sai ya riƙa lilo, ya hau ido. Wanda ya kama a faɗi sai ya danne hanci. Mai laushin roba, irin Baskerville Ultra, ana tsoma shi a ruwan zafi minti ɗaya zuwa biyu, a matse gefensa da hannu, a jefa a ruwan sanyi ya riƙe sabuwar siffar. Wannan na gyara faɗi, ba ya ƙara tsawo. Busasshiyar robar nan mai arha ba ta lanƙwasuwa, kuma rana da hunturu na sa ta tsage, tsagar ta yanki leɓe. Maɓallin roba mai ƙaras shi ma yashi na shigarsa ya daina kamawa. Mai harshen ƙarfe irin na bel ya fi aminci. Karen da ya riga ya taɓa yin mummunan cizo, ko babba mai ƙarfin muƙamuƙi, roba ba ta ishe shi ba, na waya ya dace da shi, a naɗe wurin doron hanci da fata mai laushi, kuma kada a ajiye shi a rana don ƙarfe na ɗaukar zafi.

Inda aka fi ɓata abin shi ne ranar farko. Mutum ya sayo, ya kira yara biyu su danne kare, a cusa masa. Daga ranar, da ya hango kwandon sai ya shige ƙarƙashin mota. Sabo ake yi masa, mako ɗaya zuwa biyu, minti biyu ko uku sau biyu a rana, kafin a ba shi abinci. A shafa tunkuza a can cikin kwandon, ko a sa gutsuren busasshen kifi marar ƙaya, a riƙe kwandon a tsaye, shi karen ya kawo bakinsa da kansa. Hannu ba ya bin sa da shi. Kwana biyu ko uku haka, ba ɗauri. Sai a fara ɗora maɗauri a bayan kunne a sake, sannan a ɓalla na daƙiƙa biyar, goma, rabin minti, ana ta miƙa masa lada ta rami. In ya fara kai ƙafa zai cire, an yi gaggawa, a koma matakin jiya. A cire lokacin da yake natse, ba lokacin da yake fama ba, don kada ya koyi cewa fama ce ke cire shi. Tsire da kilishi ba na wannan aikin ba ne: albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare. Kuma a riƙa sa masa a gida da wurin yawo, kada ya zama ba ya ganinsa sai ranar allura.

Akwai aibin da ruwan zafi ba ya gyarawa, kuma duk mai saye ya shirya masa: idon mutane. Kare da takunkumi, ga tabo a kunne ko a baya, ga shi yana raɓewa jikin bango wutsiya a matse, ba a nisa sai an ji "Malam, ka ji tsoron Allah, me dabban nan ya yi maka?" ko uwa ta janye ɗanta tana cewa mahaukaci ne. Zargin yana da ciwo, domin ya faɗa kan wanda bai dace ba. Mai azabtar da kare ba ya kashe kuɗi a takunkumi, ba ya ɗaukar sa zuwa asibiti da rana tsaka kowa na gani. Nasa karen yana can bayan gida a ɗaure.

Tabo kuma yana faɗin asalinsa ga wanda ya san karanta shi. Baƙin ɓawo da zaizayewa a kan kunne, wanda ake ɗauka yanka ne, yawanci ƙuda mai cizo ne, irin wanda ke hayayyafa a jiƙaƙƙen taki da ragowar harawa, shi ya sa ya fi damun karen gidan da ke da turken tumaki ko doki. Kanta mai kauri marar gashi a gwiwar ƙafafun gaba daga kwanciya a siminti ne. Ƙazuwa, ko bayan ta warke, takan bar fata baƙa mai kauri a gefen kunne, kewayen ido da ƙafafu, gashi ya ɗauki watanni bai cika ba; in an taɓa shafa mata baƙin man inji, kamar yadda wasu ke yi da niyyar magani, ƙuna ta hau kan ciwo, tabon ya zauna. Ƙananan tabbai zagayayyu a ciki da cinya na tsutsar ƙudan nan ne da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, ta shiga fata da damina. Karen farauta kuwa ƙirjinsa da hancinsa da ƙafafun gaba duk zane ne na ƙaya da haƙorin abin da ya kama. Tabon ruwan zafi a gadon baya yake, da alamar gangarowa ta gefe, kuma gashi ba ya komawa wurin har abada saboda saiwarsa ta mutu. Irin wannan sau da yawa a bakin wata ƙofa karen ya samo shi, ko tun kafin ya zo hannun mai shi na yanzu. Tabon da ya bushe ya yi fari ko sulɓi labarin bara ne ko na bariya, ba shaida ba ne a kan mutumin da ke riƙe da igiya yau.

Ba cewa muke ba a zaluntar karnuka ba. Ana yi, kuma alamarsa daban ce: sabon ciwo a kan tsoho, gyambo zagaye da wuya inda sarƙa ko igiya ta ci, haƙarƙari a waje, ba ruwa ba inuwa, lalas a fuska alhali hadisi ya hana yi wa dabba lalas ko duka a fuska. A nan ne magana take da amfani.

Tsoro ma ba lallai daga duka ya fito ba. Ɗan kwikwiyo yana koyon abin da ba shi da haɗari ne tsakanin mako 3 da kamar mako 12 zuwa 14 na rayuwarsa. Wanda ya yi wannan lokacin a keji ko a kango, bai ga baƙo ba, bai ji babur ba, zai girma yana firgita da su ko ba a taɓa ɗaga masa hannu ba. Wani gado ne daga uwa. Wani jifan yaran unguwa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wani kuma ƙara ce, tsawar damina ko bindigogin hawan sallah. Kafin irin wannan kare ya yi cizo yana ba da sanarwa: lasar leɓe, hamma ba barci, kau da kai, kunnuwa a kwance, sandarewa, sannan gurnani. Kada a dake shi a kan gurnani, don wanda aka hana gurnani cizo yake kaiwa ba gargaɗi. Mai wucewa kuma taimakonsa shi ne ya ba da tazara, kada ya ƙura ido, kada ya miƙa hannu, ya hana yara bin su.

Zargin hauka ya fi haɗari, don shi ke tara jama'a da duwatsu, kuma takunkumin kwando na ƙara shi: kare mai haki a ciki yana dalala, mutane kuwa dalala suka sani. Ciwon haukar kare sauyi ne na farat ɗaya: mai fara'a ya koma cizon itace da ƙarfe, murya ta canja, muƙamuƙi ya saki, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su shanye, kuma daga bayyanar alamu da wuya ya wuce kwana 10 da rai. Karen da aka sani da tsoro tun shekara biyu halinsa ne, ba ciwon ba ne. Tsoron mutane dai ba na banza ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ciwon duk shekara, kusan duka ta cizon kare. Don haka amsar da ta fi gardama ita ce katin rigakafi. Allurar farko a wata 3, a maimaita duk shekara, a ɗauki hoton katin a waya, a nuna wa maƙwabta da mai unguwa tun kafin magana ta taso.

Takunkumi ba ya cire tsoro, hana haƙori isa fata kawai yake yi. Ba a sa shi don hana haushi, ba a barin kare da shi a ɗaure ko ya kwana da shi, kuma ba izini ba ne na kutsa kare cikin babbar kasuwa ko taron Ƙofar Soro ran sallah wai don ya saba. Hakan ƙara masa firgici yake. A fita da shi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ta lungun da ba cunkoso. A wanke kwandon da sabulu bayan kowace fita, a duba doron hanci ko ya fara ja ko gashi na zuba, a duba ɗinkin maɗauri.

In ƙaddara ta faɗa ya ciji wani, ko yana da kati ko babu, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, likita ya yanke hukunci kan allurar. Karen kuma a killace shi kwana 10 da ruwa da abinci, likitan dabbobi na duba shi. In ya mutu ko aka kashe shi a cikin kwanakin, kada a jefar da gawar a kwata: a sanar da asibitin dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji a ɗakin bincike, irin na cibiyar Vom da ke Jihar Filato.