Swiss albino ko C57BL/6: wanne ya fi dacewa da gwajin fargaba?

Malama, kin ce ƙananan ɓerayen da kika sayo don aikin digirinki a nan Katsina sun rabu biyu a akwatin gwaji: wasu na ratsa tsakiya hankali kwance, wasu sun manne da bango suna ta kashi. Kina tambaya ko ki sauya su da irin da halinsa ɗaya ne.

Fararen da aka fi samu a ɗakunan kiwo na jami'o'inmu Swiss albino ne. Ba a haɗa 'yan uwa wajen kiwonsu, don haka kowane da irin gadonsa, kuma dole a samu jarumi a samu matsoraci. Baƙin nan C57BL/6 da farin BALB/c kuwa, wa da ƙanwa ake haɗawa aƙalla zuriya 20 a jere, har gadonsu ya zama kusan ɗaya. C57BL/6 ya fi yawo da fitowa fili, BALB/c ya fi laɓewa a lungu.

Sai dai gado ɗaya ba ya ba da hali ɗaya. A 2013 masu bincike a Jamus sun zuba matan C57BL/6 guda 40 a babban keji ɗaya; cikin wata uku yawonsu ya bambanta ƙwarai. Ga kuma C57BL/6 na da tsada da wahalar samu. Shawararmu ki riƙe naki, kada ki cire matsoratan, domin su ne maganin rage fargaba zai fi nuna aikinsa a kansu.

Kafin ki ba da magani, ki saka kowane a akwatin na minti 5, ki rubuta daƙiƙun da ya yi a tsakiya. Ki jera su daga jarumi zuwa matsoraci, sannan ki raba yadda kowane rukuni zai samu rabonsa. In matsorata suka taru a rukunin da bai sha magani ba, sakamako zai yi kyau alhali ƙarya ne. Kada ki yi wannan tantancewar a kan gadar nan mai hannu huɗu, biyu a buɗe biyu a rufe: ɓeran da ya taɓa hawa ya san ta, a karo na biyu ko diazepam, sanannen maganin rage fargaba, ba ya nuna tasiri sosai.

Wani bambancin ma daga hannun mai gwaji yake. Ɗaga ɓera ta wutsiya na ƙara masa tsoro, gara ki bar shi ya shiga bututu ki ɗauke shi. Ki goge akwatin da sifirit mai ƙarfin kashi 70 bayan kowane ɓera, ki jira ya bushe, saboda warin fitsarin na baya yana sauya tafiyar na gaba. Mutum ɗaya ya yi gwajin duka, a lokaci ɗaya kullum, bayan sun zauna awa guda a ɗakin. Ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 20 da 24. A watan Afrilu da zafi kan haura 40, in wuta ta ɗauke ɗakin ya yi zafi, ki ɗage gwajin ranar.