Cikin da ya zauna a bakin mahaifa: allura ko tiyata?

'Yan uwana matan zangon Kumasi, ciki in ya maƙale a bakin mahaifa maimakon ya zauna a cikinta ba ya rayuwa, kuma wurin ba ya matsewa kamar mahaifa, shi ya sa jini ke ɓallewa. In sikanin ya gano shi da wuri, jini bai tsananta ba, likita kan yi allurar methotrexate, cikin ya narke a hankali mahaifa ta tsira, amma fa sai kin jure zirga-zirgar gwajin jini na makonni, ki daina shan ƙwayar folik asid, ba sabon ciki sai bayan wata 3. Ni wallahi ita na fi so. Tiyata kuwa sauri gare ta, a kwashe cikin a danne wurin da wani ɗan balan-balan na asibiti don tsayar da jini, jini in ya ƙi tsayawa a cire mahaifar don ceton rai. In jini na zuba a wuce asibitin Komfo Anokye kai tsaye, banda jiƙo.