Gargaɗi Ga Masu Motocin Haibirid a Kano: Ana Sayar da Tsohon Batir da Sunan Sabo

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwana mazauna Kano waɗanda suka mallaki motocin haibirid, wato masu aiki da fetur da lantarki a haɗe, da kuma waɗanda suke shirin saye. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, mutane da yawa suka karkata ga irin waɗannan motoci saboda ƙarancin shan mansu. Da motocin suka yawaita a gari, sai wasu marasa tsoron Allah suka mai da batirinsu hanyar damfara, kuma ni kaina sun yi mini angulu da kan zabo.

Motata Toyota Prius ce ƙirar 2010, tokumbo. Wata ranar Talata cikin bazara, ina cikin cunkoson Titin Zariya, alamar gargaɗi ta kama a allon gaban direba, motar ta rasa ƙarfi, injin ya ƙi hutawa kamar yadda ya saba idan an tsaya, fankar da ke bayan kujera kuma ta riƙa kuka da ƙarfi. Bakanikena ya jona kwamfuta, ta nuna lambar P0A80, wadda ma'anarta ita ce babban batir, wato wanda ke ba motar wutar lantarkin da take tafiya da ita, yana buƙatar canji. A daren nan na ga talla a Facebook: batir sabo fil daga Jafan, garantin shekara goma, a farashin da bai kai rabin abin da aka faɗa mini a wasu wurare ba. Na kira lambar, aka kwatanta mini wani shago wanda ba zan ambaci sunansa ko unguwarsa ba. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mini batir mai sheƙi a cikin kwali, ya ce: "Alhaji, wannan har ka gaji da motar ka sayar ba za ka sake waiwayarsa ba." Na nemi a buɗe murfin in ga cikinsa, sai ya ce buɗewa tana ɓata garanti. Na biya kuɗin da ya kai abin da nake samu a wata uku, suka ɗaura, suka riƙe tsohon batirina a matsayin musanye, suka ba ni rasit wanda babu komai a kansa sai adadin kuɗi da sa hannu.

Mako bakwai motar ta yi tana tafiya lafiya. A na takwas alamar ta dawo. Na koma shagon, aka jona kwamfuta, aka goge lambar, aka ce ƙura ce kawai. Bayan kwana huɗu ta sake dawowa, a lokacin kuma mai shagon ya daina ɗaukar wayata, yaransa suka ce ya yi tafiya.

Da na kai motar wurin wani dattijo mai aikin lantarkin mota ya buɗe murfin a gabana, sannan na fahimci abin da aka sayar mini. Babban batirin Prius ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan batura ne guda 28 da aka jera kamar yankan burodi, kowanne yana ba da bolt 7.2, jimillarsu bolt 201.6, kuma kwamfutar motar tana sa musu ido bibbiyu, wato rukuni 14. A Camry haibirid ta 2007 guda 34 ne. Dukkansu suna aiki ne a sarƙe, don haka idan ɗaya ya raunana sai ya ja sauran ƙasa, motar ta kunna alama. Kowane ƙaramin batir yana da lamba da aka buga a kansa, kuma a cikinta akwai alamar lokacin da aka ƙera shi. Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce: "Malam, wannan daga motoci uku ko huɗu aka tsinto su. Ka ga waɗannan biyun har sun kumbura." Jan ƙarfen da ke haɗa kawunansu kuwa an goge masa tsatsa ne kawai, an fesa wa murfin waje fenti.

Yadda suke yi ke nan. Suna tara matattun batura daga hannun irinmu da sunan musanye, su auna ƙananan da ke ciki, su jefar da waɗanda suka mutu murus, su cike gurbinsu da masu sauran numfashi, su yi caji, su rufe. A ranar farko awo zai nuna komai daidai, domin tsohon batir ma yana nuna cikakken bolt idan ba a ɗora masa nauyi ba. Sai an hau hanya ana taka mai ana taka birki, ana zuƙar wuta ana mayarwa, bambancin ƙarfinsu yake fitowa fili. Babu shakka batirin da suka karɓa daga hannuna shi ma an yayyaga shi an haɗa wa wani bawan Allah, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Ƙaryar garantin shekara goma ita ce ginshiƙin wannan damfara, kuma tana shiga kunne ne saboda an ɗauko ta daga wata gaskiya. A Amurka, inda yawancin tokumbonmu suke fitowa, kamfanin Toyota ya daɗe yana ba da garantin shekara 8 ko mil 100,000 a kan babban batir, a jihohi irin su Kalifoniya kuma shekara 10 ko mil 150,000, kimanin kilomita 240,000 ke nan. Daga motocin 2020 kamfanin ya mai da shi shekara 10 ko mil 150,000 a duk ƙasar. Batura da yawa suna zarce wannan wa'adi, wasu har su haura shekara goma sha biyu. To amma wannan magana ce ta batir sabo da ya fito daga masana'anta tare da sabuwar mota, kuma ana fara ƙirga shekarunsa ne tun farkon rayuwar motar a can, ba daga ranar da ta sauka a Kwatano ko Legas ba, balle ranar da ka biya dila a Kano. Motar 2010 da ba a taɓa canza mata batir ba ta riga ta cinye wannan wa'adi tun kafin ta iso hannun yawancinmu. Wanda ya haɗa ƙananan batura masu irin waɗannan shekaru ya ce za su ƙara goma, ya san sarai ƙarya yake yi.

Sannan akwai yanayinmu, wanda masu tallan ba sa taɓa ambata. Zafi ne babban abokin gabar wannan batir, ga shi a Kano zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da aka ajiye a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa. Batirin ba shi da wata hanyar shan iska sai wata 'yar fanka da ke zuƙo iskar cikin mota ta wata kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe fankar, fasinja yakan jingina jaka ko mayafi ya rufe kafar, mu kuma mukan kashe na'urar sanyaya mota don tsimin mai, alhali iskar da muke shaƙa ita batirin yake shaƙa. Haka nan barin mota a ajiye wata da watanni ba a tayarwa yana raunana shi. Saboda haka batirin da zai daɗe a ƙasa mai sanyi ba lalle ne ya yi irin wannan daɗewa a nan ba, idan ba a kula da shi.

Akwai wani reshe na damfarar da dattijon ya ce yana yawan gani. Motar haibirid tana da ƙaramin batir na bolt 12 wanda yake tayar da kwamfutocinta, kuma idan ya raunana yakan sa alamu iri-iri su kama ko motar ta ƙi tashi. Mai ha'inci sai ya ce maka babban ne ya mutu, ya karɓe lafiyayyen batirinka, ya ɗaura maka haɗe-haɗe. A fara auna ƙaramin kafin a taɓa babban.

Ba ina cewa duk mai sayar da batirin da aka gyara macuci ba ne. A Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da sauran wurare akwai masu sana'a na gaskiya da za su gaya maka ƙarara cewa gyararre ne, su faɗi ƙananan nawa suka canza, su ba ka garantin 'yan watanni a rubuce, farashin kuma ya dace da abin da ka saya. Wanda ba shi da halin sayen sabo yana iya lallaɓawa da wannan da saninsa. Laifin shi ne a sayar da tsoho da sunan sabo.

Duk wanda zai sayi batir, ko motar ma gaba ɗaya, ya je da nasa ma'aikacin, kada ya dogara da wanda dila ko dillali ya kawo, domin mai jiran la'ada ba zai ɓata ciniki ba. A buɗe murfin a duba lambobin, amma ma'aikacin da ya san aikin ne zai buɗe bayan ya zare makashin wutar, saboda wayoyin batirin masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da take kisa. A jona kwamfuta, ko mai Techstream, wato manhajar Toyota ta binciken mota, ko manhajar waya irin Dr. Prius, a fita gwaji na aƙalla rabin awa har da hawan gada da taka mai sosai, ana kallon rukunan nan 14: idan ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa duk lokacin da aka taka, to batirin ya kusa. Idan ma'aunin caji a allo yana cika yana zubewa cikin 'yan mintuna, wannan ma alamar tsufa ce. Rashin ganin alama a allo ba hujja ba ce, tun da goge ta ba ya ɗaukar minti ɗaya. Kada a tura kafin alƙalami ga wanda aka sani a intanet kawai, kuma kada a bar tsohon batir a hannunsu sai an amince da kuɗin musanyensa an rubuta.

Rasit ɗin ya ɗauki sunan shago da adireshinsa, lambar jikin batirin, kalmar sabo ko gyararre, da tsawon garanti. Nawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa lauyan da na tuntuɓa ya ce ƙarata za ta yi wuyar tabbatarwa. Duk da haka na ɗauki hotunan lambobin da na ƙananan baturan da suka kumbura, na adana hoton tallan da saƙon banki na kuɗin da na tura, kuma da su zan kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano. Har ranar da nake wannan rubutu tallan yana nan a Facebook, sai dai an canza lambar waya.