Sharhi: littafin yara kan uban da ya tafi cin rani

Ina hanyar komawa ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, bayan wata biyar ina cin rani a Abuja, na biya ta Sabon Gari a Kano don sayen tsarabar yara. A gaban wani mai sayar da littattafan makaranta na ga littafin. Shafi 24 ne, hotuna masu launi sun cika kowane shafi, rubutun Hausa layi biyu ko uku a ƙasa. Naira 2,500 na biya, kuma na ji kuɗin a jikina.

Labarin wata yarinya ne da babanta zai tafi neman kuɗi bayan an kai amfanin gona rumbu. Ya ɗora ta a wuya, ya yi mata alkawarin zai dawo kafin ruwan farko. Kullum da safe sai ta jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Ƙwarya ta cika, hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, baba shiru.

Shafin nan ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Babu ko kalma ɗaya a cikinsa. Yarinyar ce kawai a bakin zaure, ruwa na zuba daga indararo, ta rungume ƙwaryarta. 'Yata mai shekara 6, wadda nake kira Ummi don sunan mahaifiyata gare ta, ta dafe shafin ta hana ni juyawa. Ta ce, "Baba, kai ma ka ce za ka zo da ƙaramar Sallah." Gaskiya ta faɗa. Da bakina na gaya mata a waya, aiki ya riƙe ni, ban zo ba. Ban kuma taɓa zaunar da ita na ba ta haƙuri ba, na ɗauka yarinya ce, za ta manta. Ashe tana riƙe da maganar a ranta.

A littafin, uban ya iso bayan kwana uku. Abin da ya burge ni, bai fara da buɗe jakar tsaraba don rufe mata baki ba. Durƙusawa ya yi daidai tsayinta, ya ce ya saɓa abin da ya faɗa, ya gaya mata dalili, ya roƙi ta yafe masa. Mu nan ba mu saba ganin babba yana bai wa ɗansa haƙuri ba, amma addininmu bai ɗauki yi wa yaro alkawarin banza da wasa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami ta ce ya zo ta ba shi abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Na sha jin hadisin a wajen malamai, sai a daren da na karanta wa Ummi littafin nan ya shige ni.

Littafin yana da nasa aibin. Ba a sa haruffa masu lanƙwasa ba, an rubuta kwarya maimakon ƙwarya, dauki maimakon ɗauki. Yaron da ke koyon karatu a firamare zai rikice, Ummi ma sai da na gyara mata sau da yawa. Takardar ba ta da ƙwari, sati biyu bangon ya fara cirewa, sai da mahaifiyarta ta ɗinke shi da zare. Sannan uwar yarinyar sau biyu kacal ta fito a hoto, ba ta ce uffan ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, don duk wanda ya san ƙauyukan Jigawa da rani ya san mata ne ke riƙe da gida, su ne ke amsa tambayar "yaushe Baba zai dawo?" safe da yamma.

Duk da haka ban yi da-na-sanin sayensa ba, kuma duk magidancin da ke barin yara ya tafi nema, ina ba shi shawarar ya karanta musu da kansa, kada ya miƙa musu kawai. Yanzu kusan kullum bayan sallar isha'i Ummi na ɗauko shi da fitilar caji, ƙanenta na leƙe ta kafaɗarta. Ta riga ta karɓi ƙwarya a wajen kakarta tana jiran tafiyata ta bana. Ta tambaye ni ranar dawowa, na ce ta bari sai na yi magana da maigidan da nake wa aiki tukuna.