Camino del Norte ko hanyar gaɓar Fotugal: wacce ta dace da hutun mako biyu?

Ɗan'uwa, ka ce hutun mako biyu gare ka, kana son tattakin ziyara zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya ta bakin teku, amma ka rasa wacce za ka bi cikin hanyoyin nan biyu. Ta Fotugal ce taka.

Daga Porto zuwa Santiago kimanin kilomita 280 ne, kwana 12 zuwa 14. Camino del Norte kuwa, wato hanyar gaɓar arewacin Sifaniya, daga Irún da ke iyakar Faransa take tashi, ta haura kilomita 800, sai ka ware mata wata guda da 'yan kwanaki. Kuma ba tsawon ne kaɗai matsalarta ba. Makon farko a yankin Basque hawa da gangara ne tun safe: ranar farko ma sai ka bi ta dutsen Jaizkibel kafin San Sebastián, tsakanin Deba da Markina kuma ƙauyuka sun yi ƙaranci, dole ka ɗauki ruwa da guzuri. Gangarar ce ke cin gwiwa, musamman in an yi ruwa ƙasa ta yi santsi, don haka sanda biyu ba ado ba ne.

A Fotugal ƙasar shimfiɗe take, wani wurin ma kan katako ake tafiya. Abin da ke wahalar da mutane shi ne titin da aka daɓe da duwatsu, yana dukan tafin ƙafa har ya yi bororo. Ka nemi takalmi mai kaurin ƙasa wanda ka riga ka saba da shi, jakarka kuma kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinka. A Caminha ake ƙetare kogin Minho da kwale-kwale zuwa A Guarda da ke Sifaniya. Kana sauka ka ƙara awa ɗaya a agogonka. Tuddai suna fara bayyana wajen Vigo da Redondela.

Takardar shaidar kammala tattakin, wato Compostela, sai wanda ya taka aƙalla kilomita 100 ake ba wa, da hatimi biyu kowace rana a littafinsa na mai ziyara, wato Credencial. Masaukan gwamnati a Galicia, yankin da Santiago yake, ba a kama gado tun kafin zuwa, wanda ya riga isa shi ke samu, saboda haka a Yuli da Agusta ka yi sammako.