Shakazobar gaban Prius: a kwance a gida ko a kai gareji?

Wani ɗan uwa daga wani ƙauye a yankin Jahun ya kawo tambaya. Yana da Prius ƙirar 2012, irin mai haɗa fetur da batir. Shakazobar gaba ta dama tana zubar da mai, kuma in ya taka birki sai motar ta dunguri ƙasa da hanci. Makaniken garinsu ya ce shi ba ya taɓa mota mai lantarki. Shi kuwa mai motar da kansa yake gyara babur ɗinsa da injin ban-ruwa. To, ya sayo kaya ya canza a gida, ko ya lallaɓa da ita Dutse ko Kano?

Malam, bari in fara cire maka tsoron da makaniken ya saka maka. Ƙafar gaban Prius ba ta da wata alaƙa da wutar babban batir. Tsarinta irin na Corolla da Camry ne: shakazoba a cikin sifirin, noti uku a sama, manyan noti biyu a ƙasa. Babban batirin yana can bayan kujerar baya, ƙarfinsa bolt 201.6, kusan wutar gida ke nan, kuma duk wayar da ke ɗauke da wannan wuta an yi mata riga mai ruwan lemo don a gane ta. Ba ka da aiki da ita. Abin da ke raunata mutane a wannan gyara sifirin ne, kuma shi bai san gida ko gareji ba.

Sifirin ɗin a matse yake zaune, noti ɗaya na tsakiya ne ke riƙe da shi a saman shakazoba. Ka kwance notin nan ba tare da ka kama sifirin da mamatsi, ƙarfen da ake matse shi da shi, ba, zai tashi da ƙarfin da yake ɗaukar kusurwar mota da shi. Na taɓa tsayawa a wani gareji na bakin hanya, yaro ya taka sifirin da ƙafa, maigidansa yana kwance noti. Ƙarar kawai muka ji, murfin saman ya huda kwanon rumfa. Allah ne ya kiyaye fuskar yaron. Saboda haka kafin ka ce gida ko gareji, tambayi kanka wane kaya za ka saya. Akwai tsurar shakazoba, wadda sai an cire tsohon sifirin an mayar mata. Akwai kuma haɗaɗɗiya, da sifirin ɗinta da murfinta, ɗaurawa kawai za a yi. Mai aiki a gida, haɗaɗɗiya ce tasa. Tsurar ta mai mamatsi ce, kuma ba kowane gareji ke da shi ba, sai ka ce a nuna maka kafin ka miƙa makulli.

Ta fuskar kuɗi, a gida kuɗin aiki ya zauna a aljihunka, amma sai in kayan aikin suna nan. Sifanonin babur ba za su motsa manyan notin ƙasa ba, sai soket da dogon hannu. Kana buƙatar jak da ƙafafun ƙarfe biyu da za a ɗora motar a kai. In duk sai ka saya, ribar ta tafi a aikin farko. A gareji kuwa kuɗin aiki ba shi ne mai ciwo ba, kayan da za a saka maka ne. Idan ka ba da kuɗi aka tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ba da kai ba, abin da aka kawo shi za ka karɓa, ko da tsohuwa ce aka wanke aka fesa mata baƙin fenti. Ko wace hanya ka bi, je ka sayo da kanka, da lambar shasin motar a rubuce. Shakazobar dama da ta hagu ba ɗaya ba ne, kuma biyun ake canzawa tare, in ba haka ba gefe ɗaya ya yi tauri, ɗayan yana lilo. Mai shago zai iya ce maka ta wata motar ma tana shiga. Shiga daban, dacewa da nauyin motar daban. In sabuwa za ka saya, KYB ta Japan sananniya ce, sai dai sunan da aka sani shi ake yi wa jabu. In ta Kwatano ce, duba sandar, kada ta zama da tsatsa ko danshin mai.

Sai wurin aiki, kuma nan ne ƙauye ke cutar mutum. Ƙasarmu yashi ce, jak yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. Bulon siminti kuma ba abin dogaro ba ne, fashewa yake yi lokaci ɗaya ba gargaɗi. In ba ka da daɓen siminti mai faɗi, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya gari. A ɗaga motar daga wuraren da aka yi wa alama a gefen ƙasa, domin wayoyin nan masu ruwan lemo ta ƙarƙashin mota suka bi zuwa gaba.

Akwai inda kai ka fi makaniken da bai saba da ita ba, don kai ka san halin motarka. Shirunta ba ya nufin a kashe take. Muddin READY na haske a gaban direba, injin zai iya tashi da kansa a kowane lokaci. A kashe ta, a kai makullin cikin gida nesa da ita, a cire kan ƙaramin batir mai bolt 12 da ke cikin but ta gefen dama. Famfon birkinta ma na lantarki ne, shi ne ƙugin da kake ji in ka buɗe ƙofar direba. Shi ya sa ba a kwance tiyon birki a wannan aiki, maƙalinsa kawai ake cirewa daga jikin shakazoba, haka ma siririyar wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki. Mai sauri yakan fizge ta, fitilu su kunno a dashbod, a dawo ana cewa batir ne ya lalace.

Inda gareji ya fi ka shi ne hannu da yawa da sabo. A wannan ƙirar ta 2010 zuwa 2015, notin sama suna ɓoye a ƙarƙashin farantin waifa, sai an cire hannuwan waifa da ɗan injin da ke juya su kafin a kai gare su. Wanda ya saba zai wuce wannan kafin shayi ya huce, kai kuwa zai ci maka hantsi. Sannan in an zare manyan notin ƙasa, dole a tallafe ƙafar. In ta faɗo waje takan zaro shaf, sandan da ke juya taya, daga mazauninsa, aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku, ga mota a kan ƙarfe a tsakar gida, ga mai sayar da kaya a Kano.

Af, kafin ka kashe kuɗi: in da ƙarar ƙwas-ƙwas ce kawai a kan gargada, da na ce ka fara duba linkej, ɗan sandan nan da ke ɗaure a jikin shakazoba, don shi ya fi yawan kawo ta kuma ya fi araha. Amma tunda ka ga mai, magana ta ƙare. Ka haɗa da linkej biyu sababbi tunda dama sai an kwance su.

In ni ne kai, ina da daɓe, na samu haɗaɗɗiya guda biyu da mai kama mini, zan yi a gida. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, zan sayo kayana in kai gareji in ja benci in zauna har a gama, kuma tsofaffin su biyo ni gida.

Ko a gida aka yi, ba ka tsira daga zuwa gari ba. Da zarar an kwance manyan notin nan saitin taya ya motsa, sai an hau injin alaimen, ba zaren mai faci ba. Kada ka bari a yi mako biyu, gefen taya zai fara cinyewa. Ka ɗaure notin taya yadda Toyota ta tsara, niyuton-mita 103 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka tafi a hankali, kuma ranar kada ka ɗora mata buhunan kasuwar Gujungu.